Anti, ni fa ɗan bogi ne a ajin nan

Filin tambayoyin masu karatu, tare da Anti

TAMBAYA

Assalamu alaikum Anti. Ina gaishe ki da aiki, Allah ya ƙara lafiya. Ni ɗan Yakasai ne, shekarata 25, ina digiri na biyu a fannin injiniyan kwamfuta a wata jami'a kusa da Delhi, a ƙasar Indiya. A gida da daraja ta ɗaya na fita. Fili Babanmu ya sayar a Rijiyar Zaki, Yayana da ke Kantin Kwari ya cika sauran, aka turo ni. Ranar da zan taho mota uku aka yi zuwa filin jirgi.

Anti, tun da na zo nake jin kamar kuskure aka yi aka ɗauke ni. 'Yan ajinmu kafin malami ya gama rubuta lissafi a allo sun faɗi amsa. Wani lokaci malamin ya juya harshe zuwa Indiyanci, su kwashe da dariya, ni ina zaune kamar an dasa ni. Zangon farko na samu maki 8.1 cikin 10, amma ni na san yadda aka yi: tambayoyin da na haddace ne suka fito, kuma akwai wata malama da take tausayina don ni baƙo ne. Yanzu har sakamakona na gida na fara zargi, ina ganin haddar takardun malamai ce kawai ta kai ni.

Duk ranar da za a yi jarrabawar baka, tun dare gabana yake faɗuwa, tafin hannuna ya jiƙe sharkaf, in yi ta zaryar banɗaki. Barci sai wajen ƙarfe uku. Na rame. Idan Umma ta kira ta ce "Injiniya", sai in ji kamar amanarta nake ci.

Abin da ya sa na rubuto shi ne, makon jiya yaron da ya fi kowa ƙoƙari a ajinmu, ɗan ƙasar, na same shi a matattakalar ɗakin karatu yana kuka. Ya ce min shi ba komai ba ne, sau biyu yana faɗuwa jarrabawar shiga babbar makarantar da yake so, nan ɗin ma matattarar waɗanda suka rasa ce. To idan wannan ba komai ba ne, ni mene ne? In haɗa kayana in dawo kafin asirina ya tonu? Ko kuwa rashin tawakkali ne yake damuna?

Ɗanki, daga Indiya

AMSA

Wa alaikumus salam, ɗana. Kada ka haɗa kaya, kuma ba rashin tawakkali ba ne. Yanzu ka zauna mu bi wasiƙarka daki-daki, don ka cakuɗa abin da yake gaskiya da abin da ba gaskiya ba, kana ɗauke da su a kai ɗaya.

Da yaron nan na matattakala zan fara. Kai ka ɗauki kukansa hujja a kanka, ni kuwa shi nake gani babban mai ba ka shaida. Sai dai ba za ka gane kukan ba sai ka san hanyar da ya biyo kafin ku haɗu a aji.

A Indiya, yaron da yake son injiniya burinsa da na iyayensa shi ne ya shiga ɗaya daga cikin cibiyoyin fasaha na gwamnatin tarayya da ake kira IIT. Ta farko an buɗe ta a Kharagpur a 1951, yau guda 23 ne a faɗin ƙasar. Ƙofar shiga ita ce jarrabawar JEE, wadda yara sama da miliyan ɗaya suke zauna wa kowace shekara, kujerun kuwa gaba ɗaya ba su kai 20,000 ba. Ka lissafa da kanka: a cikin ɗari, biyu ma ba sa samu. Masu son likitanci nasu ya fi haka cunkoso, jarrabawarsu ta NEET sama da mutum miliyan biyu ke zauna mata. Saboda haka aka samu garuruwa da sana'arsu ke nan, horar da yara cin waɗannan jarrabawowi. Mafi shahara shi ne Kota a jihar Rajasthan. Yaro ɗan shekara 15 ko 16 za a raba shi da gida a kai shi can, ya yi shekara biyu a wani ɗan ɗaki, daga aji sai ɗaki. A kai a kai ana gwaji, a fitar da jerin sunaye daga na ɗaya zuwa na ƙarshe, a ware masu maki a ajinsu daban. Wanda bai samu ba ya sake zaman shekara guda cur, ba makaranta ba aiki, yana jiran zagayowar jarrabawa. Iyaye da yawa bashi suke ci ko su sayar da gona, kamar yadda Babanku ya sayar da fili.

To abokin nan naka, tun yana ɗan saurayi aka koya masa cewa darajarsa lamba ce, kuma sau biyu lambar tana ce masa a'a. Yau ko da ya zo na ɗaya a ajinku sau goma, a zuciyarsa yana nan a bakin ƙofar da ba ta buɗe ba. Kai kana kallonsa kana cewa ga mai ilimi na gaske. Shi yana kallon waɗanda suka shiga IIT yana cewa ga masu ilimi na gaske. Waɗanda suka shiga ɗin ma ba su tsira ba. Kowannensu shi ne zakaran garinsu, aka tara su aji ɗaya, kuma ko mala'iku aka tara a aji dole rabinsu su faɗo ƙasa da tsakiya. Yaron da bai taɓa zuwa na biyu ba ya ga kansa na arba'in, sai ya fara cewa dama can sa'a ce. Akwai kuma waɗanda abin ya fi yi wa ciwo. Dokar ƙasar ta ware kaso a makarantun gwamnatin tarayya ga al'ummomin da tsarin asali ya danne shekaru aru-aru: kashi 15 cikin ɗari ga 'yan Dalit, 7.5 ga ƙabilun asali, 27 ga sauran waɗanda aka bari a baya. Ɗalibi daga cikinsu ya shigo, tambayar farko da sababbin abokai za su yi masa ita ce lamba ta nawa ya zo, don a gane ta wace ƙofa ya shigo. Mu 'yan Arewa mun san wannan gori, an sha yi mana shi a jami'o'in tarayya da ma'aikatu, a ce kaso ne ya kawo ka. Wanda aka daɗe ana faɗa wa haka, wata rana da bakinsa zai fara faɗa wa kansa.

Abin ba ƙarami ba ne. Hukumar tattara alƙaluman laifuka ta Indiya ta ƙirga ɗalibai sama da 13,000 da suka kashe kansu a 2021, aka sake samun kusan haka a 2022. A Kota kaɗai sama da 20 aka rasa a 2023. Har Kotun Ƙolin ƙasar sai da ta sa baki a watan Yuli na 2025, ta ce duk makarantar da ke da ɗalibai 100 zuwa sama ta ajiye ƙwararren mai sauraron damuwar ɗalibai. Na kawo maka wannan ne don ka san a wane irin gari kake auna kanka. Iskar wurin ma gasa ce, kana shaƙarta ko ba ka so.

Saurin nan nasu da yake karya maka gwiwa, daga can ya samo asali. Jarrabawar JEE ta awa uku ce, kuma idan ka zaɓi amsar da ba daidai ba maki ake cire maka. Wanda ya yi shekaru yana warware lissafi da agogo a gabansa dole hannunsa ya yi sauri. Horo ne, horo mai tsada, kuma ya cancanci yabo. Amma digiri na biyu ba a nan yake ƙarewa ba. Idan aka zo aikin bincike, inda za ka yi wata uku a kan matsala ɗaya ba ka san ko tana da amsa ba, wani abu daban ake nema, kuma babu wanda ya san tukuna waye zai fi a cikinku.

Yanzu kai. Abin da kake ji sananne ne wajen masana halayyar ɗan Adam. A 1978 wasu mata biyu a jihar Jojiya ta Amurka, Pauline Clance da Suzanne Imes, suka rubuta abin da suka gani wajen mata sama da 150 masu manyan digirori da muƙamai, waɗanda duk da haka suke ganin kansu 'yan bogi da za a kama wata rana. Da aka tambaye su to yaya aka yi suka kai inda suka kai, sai su ce kuskure aka yi wajen ɗaukarsu, ko sa'a ce, ko wani malami ne ya so su. Koma ka karanta wasiƙarka. Ukun nan duk ka kawo su, ba ka bar ko ɗaya ba. Daga baya aka gano maza ma haka suke, musamman wanda ya zama na farko a gidansu da ya taka wani mataki, ko wanda ya tsinci kansa bare a cikin jama'a. Ba ciwo ba ne da likita zai rubuta sunansa a kati, amma yakan zo hannu da hannu da fargaba da baƙin ciki mai nauyi.

Muguntar abin ita ce nasara ba ta kashe shi. Jarrabawa ta matso, tsoro ya kama ka, ka hana idonka barci, ka ci. Maimakon zuciya ta ce ashe na iya, sai ta ce da ban kwana a zaune ba da asiri ya tonu. Gobe sai ka ƙara awa ɗaya a kan rashin barcin. Lokacin da nake koyarwa, wata ɗaliba ta taɓa shigowa ofishina da takardar sakamako a nannaɗe cikin gefen hijabinta, hannunta yana rawa. Na zaci faɗuwa ta yi. Ashe ita ce ta fi kowa maki, ta zo ne ta roƙe ni in sake dubawa, wai tana jin lambarta aka haɗa da ta wata, kuma gara a gyara yanzu da a gano daga baya a ce ta yi shiru. Na ɗauko takardar amsarta na shimfiɗa a tebur, na ce ta nuna min rubutun wa ke ciki. Ta daɗe tana kallon rubutun hannunta, sannan ta ce, "Malama, ai tambayoyin ne suka zo da sauƙi." Mutum sama da ɗari suka zauna wa tambayoyin nan masu sauƙi.

Kai ma haka zan yi maka. Maki 8.1 ba daga takarda ɗaya ya fito ba. Darussa nawa ka ɗauka a zangon? Malamai nawa suka duba ka, har da aikin ɗakin gwaji da aikin gida? Malama ɗaya ka ce tana tausayinka, sauran fa? Ka ce tambayoyin da ka haddace ne suka fito. Wa ya zauna ya gane cewa waɗannan ne muhimmai har ya haddace su? Ka je ka nemi ganin takardun amsarka, ka zauna ka karanta su kamar na wani ne aka ba ka ka duba.

Ba zan ce maka babu giɓi ba, don zai yiwu akwai, kuma idan na ɓoye maka ba za ka yarda da sauran maganata ba. Mun san yadda karatunmu yake. A 2022 kaɗai jami'o'in gwamnati wata takwas suka yi a rufe saboda yajin aiki. Ɗalibin kwamfuta yana iya gama shekara huɗu mafi yawan manhajar da ya rubuta a takarda ya rubuta ta, saboda wuta da ƙarancin na'ura. Wanda ya fita da daraja ta ɗaya a wannan hali ba ɗan bogi ba ne, amma zai iya zuwa wata ƙasa ya tarar akwai abin da ba a taɓa nuna masa ba. Bambancin shi ne giɓi na gaskiya yana da suna kuma yana da iyaka. "Ban iya komai ba" ba ta da magani. "Ban ƙware a aljabarar matiris ba" tana da magani, mako shida ne ko takwas. Ka ɗauki takarda ka rubuta sunayen abubuwan da suka kakare maka a aji, ɗaya bayan ɗaya. Ina kyautata zaton ba za su cika shafi ba. Malaman IIT ɗin nan da abokinka yake kuka a kansu sun ɗora darussansu kyauta a intanet, a shirin da ake kira NPTEL, akwai su har a YouTube. Ka bi su a natse.

Maganar Indiyanci kuwa haƙƙinka ne. Da Turanci aka ce za a koyar da kai, a kan haka aka karɓi kuɗin Babanku. Ka bi malamin bayan darasi, cikin ladabi ka ce wurin nan da ya yi bayani da harshensu ya wuce ka, ya taimaka ya maimaita. Yawancinsu ba da gangan suke yi ba, harshen uwa ne yake suɓucewa. Kuma ka koyi harshen gwargwadon hali. Mu da muka tashi muna jin sa daga sinimomin Plaza da Marhaba da kaset ɗin gidan maƙwabta, kunnenmu ba baƙonsa ba ne, za ka yi mamakin saurin da zai zauna maka. A cikin ajin nan ma, idan ka lura, akwai yaran da suka fito daga makarantun ƙauye ko daga kudancin ƙasar, waɗanda Turancin ko Indiyancin yake ba su wuya kamar kai, sun yi shiru ne kawai.

Ka tambayi tawakkali, kuma na ji daɗi da ka tambaya, don a nan ne yaranmu suke ruɗewa. An tarbiyyantar da mu kada mu yabi kanmu, kuma tarbiyya ce mai kyau. Amma mai tawali'u cewa yake Allah ne ya ba ni. Ya yarda an ba shi. Kai cewa kake ba a ba ni komai ba, kuskure aka yi. Wannan ba tawali'u ba ne, musun kyauta ne, alhali ayar ƙarshe ta suratu Duha umarni take a ba da labarin ni'imar Ubangiji. Idan yabo ya yi maka nauyi, akwai addu'ar da magabata suke yi idan an yabe su: Allah kada ka kama ni da abin da suke faɗa, ka gafarta min abin da ba su sani ba, ka sa na fi yadda suke zato. Ka riƙe ta duk sanda Umma ta ce "Injiniya". Ita ba shaidar ƙarya take yi maka ba, fata take yi maka da bakin uwa, ka ce amin. Damuwa kuma ba alamar raunin imani ba ce. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da kansa yake neman tsari daga damuwa da baƙin ciki. Game da jarrabawar baka, ka tuna Imamu Malik, wanda mazhabarsa muke bi a garin nan, an san shi da yawan cewa "ban sani ba" a gaban masu tambaya da suka yi doguwar tafiya don su same shi. Idan aka yi maka tambayar da ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba, sannan ka faɗi ta inda za ka fara nema. Malamai suna ba da maki a kan wannan.

Inda zan ɗaure maka fuska shi ne jikinka. Rashin barci, rama, zawo da faɗuwar gaba sun wuce abin da shawarar mujalla za ta warkar. Cikin makon nan ka je asibitin makaranta, ka faɗa wa likita duk abin da ka faɗa min, kada ka ce masa ciwon ciki kawai. Ka bari a duba jininka, don ƙarancin jini da matsalar ƙwayar tayirod ta maƙogwaro suna kawo bugun zuciya da rama irin wannan. Ka tambayi ofishin ɗaliban waje ina mai ba da shawararsu yake. Maganin fargaba na farko zama ne da ƙwararre, ya koya maka kama tunanin nan tun yana tasowa. Idan likita ya ga sai an haɗa da ƙwaya, ka sani takan ɗauki makonni kafin ta fara aiki, kada ka yar a kwana biyar. Kada kuma ka kuskura ka shiga kemis ka sayi maganin barci da kanka, mun ga inda wannan hanya ta kai samarinmu a Kano. Akwai layin gwamnatin Indiya na kyauta, Tele-MANAS, da aka buɗe a Oktoban 2022, lambarsa 14416, dare da rana, kuma ana magana da Turanci. Idan ka taɓa jin cewa gara mutuwa da wannan hali, a ranar za ka kira, a ranar za ka faɗa wa wani da ke kusa da kai.

Ka duba shayin da kake sha, don can kowace kusurwa da mai shayi, kuma mai kauri ne. Bayan la'asar ka bar shi. Sannan ka duba agogo. Indiya tana gabanmu da awa huɗu da rabi. Lokacin da gidanku suka idar da isha'i suka ci tuwo suka ɗauko waya, wajen tara na dare, kai ɗaya da rabi ne a wurinka. Ina zargin wani kaso na rashin barcinka hirar gida ce. Ka roƙe su su riƙa kiranka da la'asar ɗin Kano, kai kuma ka kashe waya da sha ɗaya.

Ka kira Yayanka ka gaya masa gaskiya, shi kaɗai tukuna. Ɗan kasuwa ne, ya san kaya sukan kwana kafin su fita. Filin nan da aka sayar ba bashi ba ne da za ka biya da lafiyarka. Idan wata rana likita ya ce kana buƙatar hutun zango, a yi maganar da rana tsaka tare da Yaya da makaranta. Shawarar ƙarfe uku na dare ba a aiki da ita.

Abokinka kuma kada ka bar shi. Ka ba shi lambar nan, ka tambaye shi kai tsaye yadda yake kwana, kuma ka gaya masa cewa kai ma haka kake ji a kansa. Ku riƙa zama kuna yi wa juna jarrabawar baka kafin ta malamai, shi ya ja ka a sauri, kai ka sa shi ya yi maka bayani da baki har ka gane. Ka rubuto min bayan ka ga likita.

TAMBAYA

Hajiya Anti, barka da aiki. 'Yata tana shekara ta biyu tana karatun haɗa magunguna a Bengaluru. Sakamakonta yana kyau, duk zango sai na sa shi a waya 'yan'uwa su gani su sa albarka. Amma watannin nan kullum ta kira sai kuka, wai ita ba za ta iya ba, wai mun ɗauke ta abin da ba ita ba. Mahaifiyarta ta ce baki ne ya kama ta ko an yi mata sammu, a aika mata da rubutu. Ƙanena ya ce a dawo da ita a yi mata aure, dama karatun mace a wata uwa duniya ba tsari ba ne. Ni na rasa ta cewa. Kullum ina ƙarfafa mata gwiwa, ina ce mata duk dangi ita suke kallo, kada ta ba mu kunya.

Wani uba, daga Gwammaja

AMSA

Alhaji, ranka ya daɗe, Allah ya saka maka da alheri da ka tsaya ka yi tambaya kafin ka yanke hukunci. Ka karanta amsar da ke sama, rabinta taka ce.

Zan faɗa maka abin da ba za ka so ji ba. Maganar da kake ƙarfafa mata gwiwa da ita, ita ce take karya ta. Yarinyar da take tsoron ba ta kai yadda ake zato ba, idan aka ce mata duk dangi ita suke kallo, an ƙara mata yawan mutanen da za ta ji kunyarsu ne. Na san da ƙauna kake faɗa. Haka ma sa sakamakonta a waya. Kai alfahari kake, ita kuwa gani take an kafa mata ma'aunin da dole ta cika a zango mai zuwa a gaban gwaggo da kawu da maƙwabta. Ka daina, ko aƙalla ka tambaye ta kafin ka sa. Iyayen Indiya da take zaune a cikin 'ya'yansu suna da nasu "ɗan gidan wane" da ake auna kowane yaro da shi, kuma ƙawayenta na ɗaki da wannan nauyin suke kwana. Tana ganin nasu, tana jin naku.

Addu'a ba a hana ta. Mahaifiyarta ta yi mata, kai ka yi mata, ita ma ta riƙe azkar ɗinta na safe da yamma da karatun Alƙur'ani. Amma kada a tsaya nan, kuma don Allah kada a ce mata an yi mata sammu. Yarinya ita kaɗai a ƙasar mutane, tana fama da tsoro, a ƙara mata da cewa wani a dangi yana binta da sharri, wane barci za ta yi? Ta yi sa'ar gari. A Bengaluru babbar cibiyar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasar take, NIMHANS, kuma makarantarta ya kamata a ce tana da mai ba da shawara. Kai da bakinka ka ce mata ta je, ka ce ka yarda, kuma kai za ka biya. Yaranmu da yawa izinin nan suke jira, don sun tashi suna jin ana tsokanar mutum da asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, sun ɗauka duk wanda ya ga likitan ƙwaƙwalwa mahaukaci ne.

Ka kuma bincika a hankali ko akwai wani abu bayan karatun. Wani yana takura mata? Ana yi mata wariya saboda launin fata ko hijabi? Kuɗin hannunta yana isa? Tana da 'yar'uwa Bahaushiya ko Musulma da suke zama tare? Ba lallai ta faɗa maka ba, wataƙila sai mahaifiyarta ko wata yayarta. Idan kun yi waya, ka ajiye tambayar maki. Ka tambaye ta me ta ci yau, ƙarfe nawa ta kwanta jiya, da wa ta yi hira. Kuma sau ɗaya, a fili, ka ce mata ko ta ci ko ta faɗi ita 'yarka ce, ɗakinta yana nan.

Shawarar ƙanenka ban goyi bayanta ba. Aure alheri ne idan lokacinsa ya yi kuma tana so, amma ba a ɗaura shi don a rufe kuka. Idan aka cire ta a shekara ta biyu tana cin jarrabawa, an tabbatar mata da abin da take tsoro, cewa dama ba ta iya ba, kuma da wannan za ta shiga gidan mijin.

Idan kukan ya kai ga ta daina cin abinci, ko ta daina shiga aji, ko ta fara maganar mutuwa, wannan ba na jira ba ne, wani ya tashi ya je ko a dawo da ita hutu nan take. Idan kuwa ta iya kaiwa hutun ƙarshen zango kuma abin bai lafa ba, akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Ku kai ta da kanku, kai da mahaifiyarta, ku tafi da duk takardun da likitan can ya rubuta mata.